Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren NUC: A Mayar Wa Digirin MFA Darajarsa

Zuwa ga Farfesa Abdullahi Yusufu Ribadu,
Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa,
Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, Allah ya taya ka riƙo. Ni malamin zane-zane ne, kuma magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: ƙa'idar nan ta cewa sai mai digirin digirgir ne cikakken malamin jami'a, da irin ɓarnar da take yi a sassan zane, sassaƙa, ginin tukwane da zanen yadi.

Ka fi ni sanin asalin maganar. Tun zamanin tsohon Babban Sakatare, Farfesa Julius Okojie, hukumarka ta matsa a kan wannan ƙa'ida, jami'o'i kuma suka bi. Ba na jayayya da ita a fannin tarihi ko ilimin sinadarai, inda bincike yake ƙarewa a rubuce. Kuskuren shi ne da aka yi wa kowane fanni kuɗin goro, aka manta akwai fannonin da bincikensu yake fitowa daga hannu, ya tsaya a bango ko a kan tebur, mutane su zo su gani da idonsu.

Fanninmu yana da nasa digirin ƙarshe, wato MFA (Master of Fine Arts), digiri na biyu na aikin fasaha da hannu. Mai neman sa yana shafe shekara biyu zuwa uku a sutudiyo, wato ɗakin aikin zane da sassaƙa, yana aiki, malamai da 'yan'uwansa ɗalibai suna tsefe aikin a gabansa, ya rushe ya sake, daga ƙarshe ya yi baje koli, masu jarrabawa daga waje su zo su yanke hukunci. Yana kuma rubuta rahoto mai bayyana abin da ya yi da dalilinsa. A Amurka, inda muka aro wannan digiri, shi ne maƙura ga malamin sutudiyo, kuma da shi ake kai wa kujerar farfesa. Mu da muka aro shi sai muka mayar da shi zango a kan hanya. A yawancin jami'o'inmu, mai MFA ba ya wuce matakin Malami na Ɗaya (Lecturer I), wanda ke ƙasa da babban malami, komai ƙwarewarsa. Idan tawagar hukumarka ta zo tantance kwas, cikin abubuwan da take ƙirgawa akwai yawan masu digirgir a sashe, saboda haka shugaban sashe da kansa yake tura mafi gwanintar malamansa su je su nemo takardar ko ta halin ƙaƙa.

Ga abin da ke biyo baya, kuma idona ya gani ba sau ɗaya ba. Matashi mai hannu, wanda ya kamata a ce yana cikin shekarunsa na ƙarfin aiki, sai ya ajiye burushi ya koma digirgir a tarihin fasaha ko ilimin koyar da ita. Fannoni ne masu daraja, amma ba su ne baiwarsa ba. Ya yi shekaru yana raba takardun tambayoyi a makarantun sakandare, yana lissafa amsoshi, yana biyan kuɗi a buga masa maƙala a mujallar da ba mai karantawa. Ranar da ya dawo ana kiran sa Dakta, hannun ya riga ya yi sanyi. Shi ne kuma za a ɗora wa duba ɗaliban digiri na biyu a sutudiyo, alhali rabonsa da kammala wani aiki na kirki an daɗe. Wanda ya ƙi barin sutudiyo, ya ci gaba da baje koli a Legas da Abuja da ƙasashen waje, shi ne ake bari a baya, ɗaliban da ya koyar su zo su wuce shi a muƙami. Da yawa daga cikin irinsu sun haƙura da koyarwa sun tafi, kuma ba sa dawowa.

Wasu jami'o'i, ciki har da ta Ahmadu Bello, sun buɗe digirgir na sutudiyo don su ceci malamansu. Sun yi ƙoƙari. Sai dai wannan digiri yana buƙatar ma'auni bayyananne daga hukumarka: nawa ne nauyin aikin hannu, nawa ne na kundi, kuma wa ya cancanci ya jarraba. In babu wannan, kundi ne kullum yake rinjaye, zanen ya koma hoton da ake liƙawa a shafukan ƙarshe.

Ranka ya daɗe, dubi waɗanda ƙasar nan take alfahari da su. Jami'ar Ife ta naɗa Ben Enwonwu farfesan fasaha a 1971, ba don ya rubuta kundin digirgir ba. Zanensa na Tutu an sayar da shi sama da fam miliyan ɗaya a Landan a 2018. El Anatsui ya fara koyarwa a Nsukka a 1975, ya kai farfesa da aikin hannunsa, kuma a 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na Venis a Italiya saboda aikin rayuwarsa. Ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, difloma suka fita da ita, amma su suka sauya alƙiblar zane a ƙasar nan baki ɗaya. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ba ta yi boko ba, jami'ar Zariya kuwa ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da ƙa'idar yau za a auna su, da wuya ɗayansu ya samu izinin duba ɗalibin digiri na biyu. Wannan ya kamata ya dame ka kamar yadda yake damun mu.

Kai likitan dabbobi ne, kuma ka riƙe jami'a a Yola da Kafin Hausa. Ka san akwai ilimin da ba ya shiga kai sai ta hannu. Ba za ka yarda wanda ya shekara biyar bai taɓa dabba ba ya koya wa ɗalibanka tiyata, komai yawan maƙalolinsa. Don Allah ka dube mu da wannan idon.

Ina kuma tuna maka alkawarin da hukumarka ta yi a ƙarshen 2022, lokacin da aka ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS. An ce kashi 30 cikin ɗari na kwas jami'a ce za ta tsara daidai da muhallinta. Mun yi murna. Mun ce ga damar shigar da rinin Ƙofar Mata, da ɗinkin aska takwas, da aikin fata, da zanen bango, da dabarun ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. To wa zai koyar da su? Masu wannan sana'a ba su da takarda, malamin da zai zauna a gabansu ya koya da hannunsa kuma ba shi da lokaci, yana can yana farautar digirgir.

Akwai sauran ƙorafe-ƙorafe. Fenti da yadin zane da sinadaran ƙyalli na tukwane sun yi tsadar da ɗalibin digiri na biyu ba ya iya ɗauka, kuma daga aljihunsa yake saye. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, wato duk abin da za mu koya sai a gida. Kwalejojin ilimi daga wurinmu suke samun malamai, su kuma su yaye masu koyar da darasin al'adu da fasaha a firamare da ƙaramar sakandare, inda sau da yawa ake miƙa darasin ga duk malamin da ba shi da aji a lokacin. Ma'aikatar fasaha da al'adu a ƙarƙashin Hajiya Hannatu Musawa ta yi maganar samun dala biliyan 100 daga harkar ƙirƙira nan da 2030. Waɗannan duk na bar su zuwa wani lokaci.

Abin da nake roƙo yana cikin ikon ofishinka, kuma ba ya cin kasafin kuɗi. Ka fitar da takarda zuwa ga jami'o'i cewa MFA digirin ƙarshe ne ga malamin sutudiyo, yana iya kai wa farfesa da shi, yana iya duba ɗaliban MFA, kuma a ƙirga shi a lokacin tantance kwas. A auna shi da baje kolin da ƙwararru daga wajen jami'arsa suka tantance, da tsauri irin wanda ake yi wa maƙala, don kada kowa ya rataya zane uku a zaure ya ce ya yi baje koli. Wanda ya zaɓi tarihin fasaha ko ilimin koyarwa ya ci gaba da neman digirgir, hanyarsa ke nan. Kafin ka sa hannu, ka kira shugabannin sassan fasaha da Ƙungiyar Masu Fasaha ta Najeriya ka ji ta bakinsu. In son samu ne a yi taron a Zariya, a cikin sutudiyo, kafin zagayen tantancewa na gaba.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin zane-zane daga Arewa.