Gaisuwar Sallah daga Berkeley

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Da fatan an yi idi lafiya. Mu ma nan mun sauko lafiya, sai dai daga masallaci wajen aiki na zarce, don a Amurka ba a ba da hutun Sallah.

Baba, ga wani labari da na san za ku so. Tsofaffin ɗaliban jami'ar nan ta Kalifoniya, 'yan shekarun 1960, sun yi taron zumunci, aka sa ni cikin masu tarbarsu. Akasarinsu sun kai tamanin, wasu har da sanda, amma da hira ta yi daɗi sai surutu ya cika ɗakin.

Abin da duniya ta san su da shi shi ne boren 1964, lokacin da hukumar jami'a ta hana harkar siyasa a harabarta. Ranar 1 ga Oktoba 'yan sanda suka kama wani ɗan gwagwarmaya mai suna Jack Weinberg, ɗalibai suka zauna kewaye da motar da aka sa shi a ciki, ta yi awa 32 ba ta motsa ba. A Disamba wani jagoran ɗaliban, Mario Savio, ya yi jawabi a gaban ginin Sproul, wato ofishin hukumar jami'a, aka mamaye ginin, aka kama kusan mutum 800. Yanzu sunan Savio aka sa wa matakalar wurin.

Na zaci a kan wannan za su yini, ashe ba nan hankalinsu yake ba. Mazan abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne yaƙin Biyetnam. A lokacin, muddin kana ɗalibi ana ɗaga maka shiga soja na dole, amma a 1966 aka fara duba matsayinka a aji da sakamakon wata jarrabawa ta musamman. Ke nan wanda ya yi wasa da karatu yana iya tsintar kansa a fagen daga. Wani dattijo ya ce har yau yakan yi mafarkin ya makara jarrabawa. Da aka zo 1969 kuma sai aka koma ƙuri'a da ranar haihuwa. A ganina wannan tsoron ne ya cika tituna da masu zanga-zanga, fiye da duk wata aƙida.

Matan kuwa dokar ɗakin kwana suka yi ta yi wa dariya: an yanka musu lokacin dawowa da dare, mazan kuma ba mai tambayarsu. Sai labarin tafireta, da bin layi da katin kwamfuta mai huji-huji don yin rajista.

A gaya wa Auta ina jiran sakamakonta na zangon nan, kada ta ce waya ta lalace. A gaida su Gwaggo da Kawu, da Yaya da iyalinsa. Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku