Barcin ranar tsofaffi: a daina cewa "ai tsufa ne"

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan barcin rana da iyayenmu da kakanninmu ke yi. Na lura mutane sun kasu biyu, wasu da sun ga tsoho ya fara gyangyaɗi sai su hau tashinsa wai kar ya kasa barci da dare, wasu kuma ko yini zai yi yana sharar barci ko a jikinsu, sai ka ji an ce a ƙyale shi ai tsufa ne. Dukansu da gyara, amma gaskiya na biyun sun fi ba ni tsoro.

Shi ɗan rintsawar nan ba laifi ba ne. Jikin ɗan Adam da kansa yake yin sanyi wajen ƙarfe 1 zuwa 3 na rana, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ga shi in shekaru sun ja barcin dare sai ya koma sama-sama, mai nauyin ya ragu, motsi kaɗan an farka, ga tashi fitsari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, alhali masana sun ce wanda ya kai shekara 65 yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 8. To in ya ɗan rama da rana ina laifinsa? Akwai ma binciken da aka yi a China kan tsofaffi kusan 3,000, inda aka ga masu barcin minti 30 zuwa 90 bayan abincin rana sun fi ƙoƙari a gwajin ƙwaƙwalwa, sun fi waɗanda ba sa yi sam, sun kuma fi masu zarcewa.

Zarcewar ita ce matsalar. Duk wanda ke zaune da tsoho ya san yadda yake tashi daga dogon barcin yamma, ido jajur, jiki a mace, ya zauna bakin gado yana laluben takalmi da ƙafa yana tambaya wai gari ya waye ne, kuma in ya yunƙura da sauri a wannan yanayin nan ne ake faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Sannan barcin da ya ci da yamma daga na dare ya gutsura, dare ya yi ido biyu, gobe kuma ya sake ramawa da rana, haka abin zai yi ta juyawa.

A 2022 masu bincike a Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar tsofaffi 1,401 da suka yi har tsawon shekara 14, da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo. Masu barcin rana sama da awa ɗaya kullum haɗarin kamuwa da cutar mantuwa ta Alzheimer ya fi musu yawa da kashi 40 cikin ɗari. Kar wani ya karanta wannan ya je ya hana kakarsa kwanciya fa, ba a ce barcin ne ya kawo cutar ba, abin hanya biyu yake bi, ita cutar ma tun tana ɓoye takan sa barcin ya yi ta ƙaruwa. Shi ya sa ni abin dubawa a wurina shi ne canji. Baba da a da minti 20 ya ishe shi, yau ya koma awa biyu awa uku, ko ana cikin hira da shi barci ya sace shi cokali a hannu, wannan ba a ce masa tsufa a yi shiru.

Sau da yawa amsar tana cikin daren. A saurara a ji, yana minshari mai ƙarfi sai ya yi ɗif kamar numfashi ya ɗauke, can kuma ya ja da ƙarfi kamar an shaƙe shi? Wannan ciwo ne da ake magani, kuma yana da alaƙa da hawan jini. A duba magungunan da yake sha, irin su Piriton da wasu magungunan mura da tari suna sa barci sosai. Ciwon suga da ƙarancin jini ma suna kashe jiki. Sai kuma wanda ba ma son a faɗa, kaɗaici. An ajiye tsohuwa a ɗaki ita kaɗai, kowa ya duƙufa kan waya, ba mai ce mata kanzil, to me za ta yi in ba barci ba? Damuwa a tsofaffi ba lallai ta zo da kuka ba, wani lokacin yawan kwanciya ne kawai da rashin son cin abinci.

Shawarata a bar su su kwanta da wuri-wuri kafin ƙarfe 3, kamar rabin awa, a tashe su a hankali su ɗan zauna kafin su miƙe, da safe kuma su fito su ga hasken rana su taka ƙafa. In an ga barcin na ƙaruwa a riƙa rubuta lokacin kwanciya da na tashi na kamar sati biyu, a haɗa da duk kwalayen magungunansu a kai wa likita ya gani da idonsa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu