Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago: ayyukan da kullen korona ya tafi da su

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, daga Kano nake rubuto maka, kuma ƙanena ne dalili. Shekara shida ya yi a kan kanta a wani banki yana karɓar kuɗi yana biya, amma ta hannun wani kamfani mai ɗaukar wa bankuna ma'aikatan kwantiragi. Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 aka ce ya zauna a gida tukuna. Gari ya buɗe, reshen ya buɗe, sai dai kanta shida ta koma biyu. A watannin kulle jama'a sun saba da tura kuɗi ta waya, masu banki kuma suka ga aiki yana tafiya ba tare da mutum huɗu ba.

A watan Mayun shekarar Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna sallamar ma'aikata sai da izininsa. Umarnin bai amfani ƙanena ba, domin a takarda shi ba ma'aikacin banki ba ne. Kamfanin ya ce kwantiragi ya ƙare, shi ke nan, ko sisin sallama babu. Yau yana ƙarƙashin lema a bakin titi da na'urar POS, su biyar a jere, suna jiran mai cire dubu biyar. Ran da sabis ya ɗauke sai ya koma gida hannu rabbana.

A Kantin Kwari ma abin ya taɓa mutane. Ɗan kasuwar da a da yake tahowa daga Damagaram ko Maiduguri ya kwana biyu, ɗan dako ya samu, mai abinci ta samu, yanzu sau da yawa hoton atamfa ake tura masa ta WhatsApp, ya turo kuɗi, a ɗora kaya a mota. Ba na ƙin wannan ci gaba, ni ma ina cin moriyarsa. Abin da ke damuna shi ne babu wanda ya waiwayi waɗanda aka bari a baya.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Gwamnati ta fito da shirin ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a biya su naira 20,000 a wata har wata uku. An yi shara, an yashe kwatoci, wata uku suka wuce, kowa ya koma inda ya fito.

Ranka ya daɗe, annoba ba ta sallama. Mashaƙo ya girgiza Kano a 2023, zazzaɓin Lassa kuma duk rani sai ya leƙo. Kafin wani kullen ya zo, ina roƙonka ka tsaya tsayin daka a gyara dokar ƙwadago, ta yadda duk wanda na'ura ta maye gurbinsa, ko ta hannun wa aka ɗauke shi, za a ba shi wa'adi da kuɗin sallama. Horon da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa (NDE) ke bayarwa kuma a sabunta shi, a koyar da gyaran waya da haɗa sola da ciniki ta intanet, da Hausa, a buɗe ƙofa ga magidanci ɗan shekara arba'in mai 'ya'ya huɗu irin ƙanena.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
wani ɗan ƙasa daga Kano