Don Allah a gyara maganar da aka yi kan Pikachu

Assalamu alaikum Edita, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni mai sauraronku ne na kullum daga Agege nan Legas, sana'ata gyaran waya da caji, rediyona a kunne take tun in buɗe shago har in tashi. Abin da ya sa na rubuto shi ne shirinku na tarbiyyar yara na kwanan baya, inda wani bawan Allah ya bugo waya ya ce wai ɗan halittar nan ruwan ɗorawa mai jajayen kumatu da ake gani jikin jakar yara, wato Pikachu, aljani ne, kuma wai ma'anar sunansa "ka zama Bayahude". Mai gabatarwa bai tambaye shi inda ya samo ba, Allah ya kyauta kawai ya ce aka wuce. To ranka ya daɗe maganar ba ta tsaya a rediyo ba, har cikin gidana ta shigo.

Ɗiyata shekararta 8, na saya mata jaka a Oshodi mai hoton abin nan don ita ta zaɓa da kanta, kwana biyu da yin shirin malaminsu na islamiyya ya karɓe jakar a gaban yara ya juye littattafanta a leda, ta dawo gida tana kuka, har yau yaran layi mai jakar aljani suke ce mata, ranar Asabar ma sai da uwarta ta raka ta sannan ta yarda ta je. Ni ban ga laifin malam sosai ba wallahi, mutumin kirki ne kuma abin da ya ji a gidan rediyon da ya yarda da shi ne ya yi aiki da shi. Shi ya sa na ga ku ya kamata in tunkara.

Ni na san abin nan tun ina yaro, a kaset muka riƙa kallon katun ɗinsa gidan maƙwabta. Pikachu daga Pokémon ya fito, Pokémon kuwa ɗan Japan ne, gem ne da kamfanin Game Freak ya yi, Nintendo ta fitar a 1996 a kan ƙaramar na'urar nan Game Boy, da halittu 151, shi Pikachu shi ne lamba 25. Wanda ya kawo dabarar, Satoshi Tajiri, yana yaro aikinsa kamun ƙwari a jeji, kamar dai yadda muke bin fara da gyare in an je gida hutu, daga nan tunanin tara halittu ya zo masa. Wata mata ce mai suna Atsuko Nishida ta zana Pikachu, kuma ta faɗa da bakinta cewa kurege ta duba, yadda yake cusa abinci a kumatu shi ya sa nata yake tara lantarki a kumatu. Sunan ma ba wani ɓoyayyen abu a ciki, "pika" a yarensu walƙiya ce ko ƙyalli, "chu" kuma kukan ɓera. Ɓeran lantarki kenan, tsawonsa bai kai rabin mita ba, nauyinsa kilo 6. Ina aljani a nan, ina Bayahude?

Toh amma ba zan ɓoye gaskiya ba don ina kare ɗiyata. A 2001 malaman Saudiyya sun ba da fatawar hana gem ɗin da katinsa, kuma babban dalilinsu caca, sai maganar rikiɗar halitta da wasu alamomi da ke jikin katin. A lokacin ne jita-jitar suna ta bazu a ƙasashen Larabawa, ita ce yanzu take dawowa ta WhatsApp kamar sabuwa. Maganar rikiɗa ni a ganina ba ta wuce ta talibambam da ke zama kwaɗo ba, ko tsutsa ta zama malam-buɗe-littafi, don a gem ɗin ma akwai tsutsa Caterpie da ke zama Butterfree mai fukafukai, shi kuma Pikachu daga Pichu yake, in an taɓa shi da dutsen tsawa ya zama Raichu. Hukuncin hoton mai rai kuwa na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Amma caca kam na yarda ɗari bisa ɗari, don da idona nake gani. Bayan shagona yara suke zama da katin nan na jabu da ake sayarwa a bakin makarantu, a buga a ƙasa wanda nasa ya kife an cinye shi, tun ana yi da kati har an koma saka kuɗin tara, na sha raba faɗa a kai, akwai yaron da ya ɗauki kuɗin cefanen uwarsa don ya fanso katinsa. Wannan ba wanda ya kira ya faɗa a shirinku. Haka maganar ido. A Disambar 1997 an nuna wani kashi na katun ɗin a Japan mai hasken ja da shuɗi yana walƙiya da sauri, yara sama da 600 aka kwasa asibiti, wasu har da farfaɗiya, sai da aka dakatar da shirin wata huɗu. Mu nan in an ɗauke wuta yaro zai ƙura wa waya ido cikin duhu har sha biyun dare, iyaye su kawo min wayar ta yi zafi batir ya kumbura su ce ba su san me ya same ta ba. Ka ga abin tsoro na gaske yana nan a gabanmu an tsallake shi an kama suna.

Na zauna na kalli kashi na farko da ɗiyata bayan abin ya faru, don in tabbatar ba son zuciya nake bi ba. Yaro ne Ash aka ba shi Pikachu ba ya jin magana, ya ƙi shiga ƙwallon da ake ajiye irin halittun nan a ciki har yana jan sa da lantarki, sai da tsuntsaye suka taso musu yaron ya tare da jikinsa don kar a taɓa shi sannan suka shaƙu. Ta juyo ta ce Baba to me ya yi na aljanu, na rasa amsar da zan ba ta wadda ba za ta zubar da girman malaminta ba.

Roƙona Edita, a maimaita shirin nan, a gayyato malami guda da wani wanda ya san harkar gem, a faɗa wa jama'a a fili cewa fassarar sunan nan ba gaskiya ba ce, sannan a ba maganar katin caca lokaci mai yawa. In za a yi don Allah a sanar kwana biyu kafin nan, zan je har gida in gaya wa malam ya kunna rediyonsa, don jakar tana wajensa har yanzu kuma na fi so ya mayar mata da hannunsa a gaban yaran nan.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai sauraronku daga Agege, Legas