Idan Layin Menu Ya Ɓace A Manhajar Kwamfuta

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu taimaka wa matasanmu na Ringim da Taura masu haɗa wa shagunan taki da makarantu manhajar lissafi da Qt ko Electron, wato kayan aikin haɗa manhajar kwamfuta. Kukansu ɗaya ne: manhaja lafiya lau a Windows, amma da an ɗora ta a wata kwamfutar sai layin menu, wato jerin su "File" da "Edit" na saman taga, ya yi ɓatan dabo.

A macOS, tsarin kwamfutocin Apple, yawanci layin yana nan, can saman allo kusa da tambarin Apple. Inda gizo ke saƙar shi ne, Qt tana duba sunan kowane umarni. Wanda aka sa wa "Quit", "About" ko "Preferences" sai ta kwashe shi zuwa menu mai sunan manhajar. In shi kaɗai ne a ƙarƙashin "File", to "File" ɗin ma ba zai fito ba. Maganinsa setMenuRole(QAction::NoRole). Umarnin da aka manna kai tsaye a kan layin, ba cikin wani menu ba, shi ma macOS ba ya nuna shi.

A Linux, KDE ko Unity, masu tsara fuskar allo, na iya ɗauke menu daga taga ta hanyar D-Bus, hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo. A Qt, setNativeMenuBar(false) zai dawo da shi cikin taga.

Masu PyQt, wato Qt na yaren Python, ku yi amfani da self.menuBar() na QMainWindow, domin QMenuBar marar uwa (parent) Python na share shi.

Masu Electron kuwa, ku fara danna Alt. In ya fito, autoHideMenuBar ne a kunne. In bai fito ba, ku duba ko an sa frame: false, mai cire firam ɗin taga har da layin menu.

Naku,
Masu koyar da haɗa manhaja,
Ringim, Jihar Jigawa.