Laftop ɗinka ba ta mutu ba, karanta wannan kafin ka kai ta wajen gyara

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya ruwan saman Malesiya da kake ta ba ni labari? Mu nan Kano alhamdulillahi, hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari. Ranar Juma'a na biya ta gida na gaida Hajiya, tana nan lafiya lau, ta ce in tuna maka awa 7 ne tsakaninku don haka ka daina jira sai dare ya yi a nan kafin ka kira, kai ma kana buƙatar barci.

Na saurari saƙon muryar da ka turo har sau biyu, kuma wallahi daga muryarka na san hankalinka a tashe yake, tunda ga babi na huɗu na kundin digirinka a ciki. Ka ce in ka rufe murfin laftop ka dawo ka buɗe sai sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, fanka na juyawa, 'yar fitilar gefe na kunne, ka danna kibod ka motsa maus shiru. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka a tsanake yadda za ka riƙa dubawa kana bi.

Abu na farko don Allah kar ka bari kowa ya yi mata fomat, kar kuma ka yarda a canza sikirin tukuna. Bara irin wannan ta same ni, na kai wajen wani mai gyara, ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce sikirin ne ya ƙone, har na fara lissafin inda zan samo kuɗin, sai da na dawo gida na danne madannin kunnawa ta mutu na sake kunna ta na ga hoto ya fito tar kamar ba abin da ya faru. Sikirin da ya ƙone ai ba zai dawo don an kashe an kunna ba. Nan na gane matsalar a wajen farkawa take.

Ka san in kwamfuta ta yi barci ba kashewa ta yi ba, duk abin da ka buɗe yana zaune a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ana ba shi 'yar wuta kaɗan don kar ya goge, sauran sassa kuma an kwantar da su. In ka taɓa ta sai Windows ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tashinsu, to in direban hoto, wato manhajar da ke tsakanin Windows da abin da ke fitar da hoto, bai amsa ba, sai ka ga komai ya tashi ban da sikirin. Tawa abin da ya same ta kenan, tsohon direba ne a kai.

In ta sake yi, kafin ka kashe ta ka danna Caps Lock ka kalli 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa to kwamfutar a farke take, hoto ne kawai babu. Sai ka danna madannin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, za ka ji ɗan ƙara, sikirin ya yi ƙifta, wannan sake tada direban hoto yake yi kuma ba ya taɓa aikinka. Ranar da na fara gwadawa hoton ya dawo da fayil ɗina a buɗe daidai layin da na tsaya, sai da na yi hamdala a fili. In bai dawo ba ka jona ta da talabijin da wayar HDMI ka ga ko hoto zai fito a can, ko ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocilan wayarka dab da sikirin, in ka hango hoto dishi-dishi to hasken bayan sikirin ne ya samu matsala, wannan kam sai mai gyara.

In kuma Caps Lock ma bai amsa ba to ta sandare gaba ɗaya. Ka danne madannin kunnawa har ta mutu, ka zare caja da duk wani fulash ko maus da ke jiki, ka sake danne madannin kamar sakan 30, sannan ka kunna. Abin da ba ka adana ba zai iya tafiya, shi ya sa da zarar ta tashi, kafin komai, ka kwafe kundin nan a fulash ka kuma ɗora shi a Google Drive. Wannan ya fi duk sauran abin da na rubuta muhimmanci, ka yi shi yau ba gobe ba.

Bayan nan sai maganin dindindin. Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftop ɗin, ka sa lambar samfurinta da ke rubuce a ƙasanta, ka sauko da direban hoto na can. In kuwa ka lura abin ya fara ne bayan wani sabuntawa, ka shiga Device Manager, wajen Display adapters, ka mayar da direban baya. Akwai kuma wani abu da ake kira Fast Startup, tun Windows 8 a 2012 yake, shi ke sa in ka danna Shut down kwamfutar ba ta mutuwa duka, sai ta ajiye wani ɓangare na tsarin a diski don ta tashi da sauri, to in akwai direban da ya rikice haka za ta yi ta dawo da shi a rikicensa kullum. Restart ne ke wanke komai. Ni dai cire shi na yi, a Control Panel cikin Power Options, wajen da ake zaɓar abin da madannin kunnawa zai yi. 'Yan sakanni aka ƙara min wajen tashi, kuma ban yi nadama ba.

Wani abu da nake zargi a taka, ka ce wani lokaci kana ciro ta daga jaka da zafi. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /a ka ga me za ta nuna. In S3 ne to tsohon barci ne na gaske. In ka ga S0 Low Power Idle, to irin na sababbin laftop ne, kamar waya, ido a rufe amma tana ɗan aiki a ciki, wani sa'in ta yi ta ci a cikin jaka har batir ya ƙare ƙarƙaf, kai kuma ka ɗauka ta ƙi tashi ne alhali caji take nema. Shawarata ka mayar da rufe murfi ya zama Hibernate, shi yana rubuta komai a diski ne ya kashe wuta gaba ɗaya, ka buɗe ka tarar da aikinka yadda ka bar shi.

Sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Windows, ka bar shi ƙarshe, kuma sai caja na jiki, kar ka taɓa komai har ya gama. Ni sai da na je inda ake da sola na yi nawa saboda tsoron a ɗauke wuta ana tsaka, kai can ba ka da wannan fargabar.

Af, kana sa agogo mai maɗaurin maganaɗisu? Ƙanwata ta taɓa kawo min tata wai tana barci da kanta ana cikin taifin, ashe maɗaurin agogonta ne ke taɓa gefen kibod daidai inda na'urar da ke gane an rufe murfi take, sai kwamfutar ta ɗauka an rufe ta. Ta cire agogon, shikenan.

Ban tambaye ka ba, Windows 10 ce a kai ko 11? In 10 ce ka sani an daina ba ta sabuntawa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, amma kar ka canza yanzu, ka bari sai ka miƙa kundin.

Ka gwada na Caps Lock ɗin ka turo min abin da ka gani da hoton abin da powercfg ya nuna, ko tsakar dare ne zan duba. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka. Allah ya ba da sa'a ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
abokinka na Kano