Zuwa ga ɗana a Abuja

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, ƙafar ma ta yi sauƙi tun da na fara shan maganin da ka aiko. Ƙannenka suna gaishe ka.

Ran Laraba bayan an tashi daga Zumuntar Mata, wata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Mama, ga ɗanki yana ba da shaida a Facebook." Na gan ka tsaye gaban jama'a cikin babbar majami'ar nan taku, har hawayen murna ya zubo mini. Sai na kasa kunne. Ka ce a rikicin Kaduna wuta ta kewaye gidanmu, waɗansu masu fararen tufafi suka bayyana, suka ratsa da mu ta cikin wutar, suka ɓace. Jama'a suka miƙe suna tafi suna Halleluya. Na mayar mata da wayarta, bakina ya mutu.

A Fabrairun 2000 shekararka uku, kana goye a bayana, na lulluɓe ka da zane. Me ka gani? Wanda ya ja mu ta ƙofar baya Alhaji ne, maƙwabcinmu. Uwargidansa ta yafa mini mayafinta ta zaunar da ni cikin ɗakinta, shi kuma ya kwana a zaure yana korar samari masu tarzoma da bakinsa. Da asuba ya kai mu bariki a motarsa ta ɗaukar hatsi. Ka san wannan sarai. Kai ne ɗan aiken da ke kai musu shinkafar Kirsimeti, kai ne kake dawo mana da naman layya, har Allah ya karɓi ransa. Allah ne ya cece mu, ban taɓa shakka ba, amma da hannun mutumin nan ya yi. Wa ya ba ka izinin goge shi daga aikin Allah? 'Ya'yansa suna da waya su ma. In suka gani, da wane ido zan dube su?

Amma abin da ya hana ni barci ya wuce kunya. Tsoro nake ji, ɗana. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da Safiratu ba su saci kuɗin kowa ba, gonarsu ce suka sayar. Abin da suka kawo gaban ikkilisiya ne suka nuna ya fi yadda yake, Bitrus kuwa ya ce ba mutane suka yi wa ƙarya ba, Allah suka yi wa. Kai ma ka tsaya a ɗakin Allah ka ƙara wa magana gishiri da sunansa. Yau ka ji daɗin tafin, gobe za su sake kiranka, kuma dole labarin goben ya fi na yau. Ina jin tsoron ranar da wahala ta gaske za ta same ka, ka waiwaya neman abin da Allah ya taɓa yi maka don ka dafa, ka tarar ka cakuɗa shi da ƙarya har kai kanka ba ka iya rarrabewa. Wannan nake yi wa kuka a gaban Ubangiji.

Kada ka ce mini ai ba mu taɓa zaunar da ku mun ba ku labarin duka ba. Da gangan muka yi. Abin da na gani a hanyar barikin nan ba na kunnen yaro ba ne, kuma ni da babanka mun yi alkawari ba za ku tashi da ƙiyayyar kowa ba.

In shaida kake nema, kana da ita fal. Babanka ya kwanta, muka yi azumi, dattawa suka zo suka yi addu'a, bai tashi ba. Duk da haka ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Matan ikkilisiya suka kawo buhun masara, kaskon ƙosai ya biya kuɗin makaranta, kawunka ya yi abin da ya yi mana a kan shagon amma Allah ya rufa asiri, ka gama jami'a a Zariya. Wanda ya rubuta a Makoki sura 3 cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya, Urushalima tana kango ya rubuta shi. Makahon nan na Yohanna sura 9 kuwa, da aka matsa masa, abu ɗaya ya ce ya sani: dā shi makaho ne, yanzu yana gani. Bai ƙara wa labarinsa gishiri ba.

Ka je wurin fastonku ka faɗa masa gaskiya. Ka roƙa a cire bidiyon nan, in an ba ka dama ka sake tsayawa ka ba da labarin yadda yake, da Alhaji a ciki. Zai yi nauyi, na sani. Kai yaro ne mai tsoron Allah tun kana ƙarami, kuma na tabbata son ɗaukaka sunan Allah ne ya ja ka. Ban yi fushi da kai ba, ban kuma faɗa wa ƙannenka ba.

Ka kira ni ran Lahadi da yamma bayan sujada. In za ka zo Kirsimeti ka sanar da ni da wuri, ina so mu je tare mu gai da Hajiya, jikinta ya yi rauni sosai bana.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifiyarka